Turmina Kaɗai Ke Tsaye

Bazarar bana ta zo da ƙarfinta. Tun hantsi duwatsun Damagaram ke ɗaukar zafi, kafin azahar ba ka iya dafa bango da tafin hannu. Pampo ya yi kwanaki bai ce uffan ba, kuran kuwa, wutar lantarki ke nan, sai ya leƙo ya gaishe mu ya koma inda ya fito. Kowace la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya sa mata kwashe shanya a guje, sannan iska ta watsa shi kowa ya mayar da shanyarsa. Ni dai tabarmata tana gindin bedi a tsakar gidan 'yata, inda nake zaune tun rasuwar maigidana Malam. Ina da maficina, ina da butata, ana kawo mini fura kafin in nema. Alhamdu lillahi, ban rasa komai ba.

Mijin 'yar tawa tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, mutumin kirki, aibinsa ɗaya, shi da rediyo ba a raba su. Shekaranjiya ya ƙure murya har kaji suka bar wurin. Wai a wata ƙasa ta Turai depitoci ke ta kai ruwa rana a majalisa. Ƙasarsu da maƙwabtanta sun sa hannu a kan wata doka: kowace gwamnati kada ta kashe abin da ya wuce ƙarfinta, maƙwabta ne za su riƙa leƙa mata kasafi, wadda ta ƙetare kuma a juya mata baya. Wasu depitocin na cewa a kai maganar gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama, wasu na cewa ai don haka aka zaɓe mu, mu mun isa.

Na ce, "Mushe, rage kaɗan in ji da kyau."

Ya yi dariya. "Inna, wannan ba taki ba ce. Maganar bidje ce, kasafin kuɗin manyan ƙasashe."

"Mu mun yi tamu tun kana yawo ba wando. Da turmi muka yi."

Ya ɗauka zolayarsa nake yi, ya ci gaba da dariyarsa. 'Yata tana gefe tana tsintar wake a faifai, ba ta ko ɗaga kai ba. Ba zan ambaci sunanta a nan ba. 'Yar fari ce, ni kuma tsohuwar hannu ce. Ta yi jikoki, ta je Makka ta dawo, amma har yau in zan kira ta sai dai in ce "ke", ko in yi gyaran murya. Saboda tana zaune a wurin ban ba mijinta labarin ba.

Garin da aka kai ni aure ƙarami ne, a ƙasar Hamdara, rairayi da gawo da rijiya ɗaya mai zurfin tsiya. Kafin in zo, an taɓa yin wata yunwa da mutane suka cinye har irin shuka. Da ruwa ya sauka, gonaki suka kwanta fayau, ciyawa ta ci damina ita kaɗai. Bayan wannan ne masu garin yankinmu suka haɗu ran kasuwa suka ƙulla alkawari. Kowane gari zai gina rumbun ƙasa na iri. Da kaka kowane gida ya kawo zaɓaɓɓun zangarniyu a zuba, a liƙe baki da laka, kuma ba mai garin wurin ne zai rufe ba, na maƙwabta ne zai zo ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyar lakar. Ba a fasawa sai ruwan shuka ya sauka, sai kuma mai hannun ya zo ya ga hannunsa lafiya. Garin da ya fasa kafin lokaci ya fita daga alkawarin: ba mai ara masa iri, ba mai zuwa masa gayya.

Mu Bulama ne ke rufe mana, wani Babarbare dogo daga garin da ke gabas da mu. Raƙumi ya taɓa gutsure masa ɗan yatsa yana saurayi, don haka hannunsa ba ya satuwa. Yara kan je su gwada nasu a kai suna dariya.

Shekarar da nake faɗa, ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin bununi. Muka yi ta kallon sama har wuya ya gaji. Da aka zo girbi, zangarniya sai ka ɗaga ka ji ta sakayau, rabinta ƙaiƙayi. Duk da haka kowane gida ya tsinci masu ɗan nauyi ya kai rumbun iri, Bulama ya zo a kan jakinsa ya danna hannu, aka ɗora jinka. Na tuna ina tsaye a bayan zana da goyo, ina kallon lakar tana bushewa. Ban ji komai a raina ba a lokacin. Akwai hatsi a gida, kuma ƙuruciya ba ta hango nesa.

Da sanyi ya shigo, samari da magidanta da yawa suka gangara kudu cin rani. Malam bai je ba, saboda mahaifiyarsa ta tsufa kuma shi kaɗai gare ta. Ni Iya nake ce mata. Mace ce gajera mai kaifin ido, ba ta da yawan magana, amma in ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. A al'adarmu 'yar fari ta kaka ce, don haka yarinyar a bayan Iya take wuni, a shimfiɗarta take kwana. Ni sai an miƙo mini ita in ba ta nono, ina kallon wani wuri kamar ba ruwana. Ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a kiran sunanta, in ta faɗi ba ni ce mai rugawa ba. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka na yi.

Yunwa ba ta faɗo mana a rana ɗaya ba, a hankali ta shigo ta samu wuri ta zauna. Da farko tuwon dare ne ya koma na kwana-kwana. Daga nan fura ta zama ruwa-ruwa, mai ɗan fari kawai. Hatsin gamana, wato na 'yar gonar da kowace mace ke nomawa don kanta, shi ya riƙe mu har ƙarshen sanyi. Rumbun gandu da ake ajiyewa don damina aka buɗe shi tun zafi bai kankama ba, shi ma bai daɗe ba muka ji ƙwarya na kartar ƙasansa. Sai dusa. Sai busasshiyar tafasa da aka manta a saman rumfa. Sai daji.

Wanda bai ci anza ba ba zai gane ba. Da asuba muke fita, mata a jere, mu yi nisa har gari ya ɓace, mu tsinko 'ya'yanta. A ɓare, a shanya, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, don ɗacinta na iya kwantar da babba. Ruwan jiƙon kuwa daga rijiyar nan ce da sai an haɗa igiya da igiya, guga ya fito da rabin laka. In an dafa ta tana cika ciki, amma ba ta zama a jiki. Muna haɗawa da ganyen jiga, mu yayyafa gishiri in akwai. Tafin ƙafa ya tsage, leɓe ya tsage. Da rana iska kan taso da zafi kamar an buɗe bakin tanderu, kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba don barci ba, don kada ƙarfi ya ƙare a banza. Amma fa muna dariya a hanyar dajin nan. Akwai Ladi, matar Ɗan Tanin, wadda ke kwaikwayon tafiyar kowane namiji a garin, har da ta mai gari, sai mun riƙe ciki.

Abin da ya fi sauya garin shi ne shiru. A da, tun kafin zakara ya gama cara kake jin lugude daga kowace kusurwa, har kana iya gane taɓaryar wance da ta wance. A garinmu a ƙofar gida ake daka, saboda ƙaiƙayi. Kuma kowace mace ta sani, in ba za ki yi daka ba sai ki kife turmi, don kada kaji su hau su ɓata shi, kada rana ta tsaga cikinsa. Da hatsi ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya turame suka kifu. Zuwa tsakiyar bazara in ka bi lungu za ka gan su a ƙofar kowane gida, ƙasa a sama, yara na zama a kai.

A lokacin ne nonona ya ƙafe. Yarinyar ta fara tsayawa da bango kafin wannan, har tana ɗaga ƙafa. Sai ta daina. Ta koma zama, daga zama ta koma kwanciya. Iya ta gwada ba ta anza da aka dama, cikinta ya ɓaci, ta ƙara zubewa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Kukanta ma ya koma wani ɗan sauti da sai ka kasa kunne. Kowa ya san maganinta, ba sai an je wurin likita ba: kunun hatsi, ko da ludayi ɗaya ne safe da yamma. Hatsin da ya rage a garin kuwa yana bayan hannun Bulama.

Ni ba ni da bakin faɗa. Iyakar abin da na iya cewa shi ne, "Iya, yarinyarki ba ta ci ba."

Ta ce, "Na gani."

Ba gidanmu kaɗai ba ne, don haka maganar fasa rumbu ta tashi. Dattawa suka fara zama gindin gawon ƙofar mai gari, tun hantsi har rana ta karkata. Hanyar rijiya ta nan ta bi, mu kuwa ba mu taɓa tafiya a hankali kamar a kwanakin nan ba. Kowace sai ta tsaya gyara gammo daidai wurin.

Ɗan Tanin ne kan gaba a masu son a fasa, mutum mai murya kamar ta biyu. Na ji shi yana cewa, "Hatsi na nan a gabanmu, 'ya'yanmu na kwance. In sun mutu Bulama ne zai zo ya haƙa mana ramin? Wane ne shi da hannunsa zai fi bakin ɗana?"

Wanda ya tsaya masa kuwa Malam ne, maigidana, mutumin da a gida sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ya ga waccan yunwar yana yaro, ya bi ubansa gari-gari neman iri ana ba su haƙuri. Ya ce, "In mun fasa, ina zai kai mu? Kafin wata ya mutu mun cinye. Ruwa ya sauko ya tarar da mu hannu wofi, maƙwabta sun juya baya. Yunwar wata biyu za mu sayar mu sayi ta shekara. Kuma ba Bulama ya ɗora mana ba, mu muka kira shi."

Wani ya ce a ɗebi rabi a mayar da laka. Mai gari ya ce hannun da aka fasa ya fasu, ba rabi a ciki. Aka watse, aka dawo, aka watse. Da suka gaji da wannan gardamar sai suka buɗe wata. Liman ne ya jawo ta, ya ce abin da ya shafi tukunyar kowa ai kowa ya kamata a tambaya, har da mata, tunda su suka san abin da ke ƙasan tukunyar. Nan fa aka bar rumbu aka koma kan wa ya isa ya yanke. Wasu suka ce tun kaka da kakanni dattawa ke yankewa. Wasu suka ce kaka da kakanni ba su taɓa liƙe abincin mutane da hannun baƙo ba. Kwanaki suka yi a kan wannan, da cikin wofi, muryoyinsu na raguwa kullum. Har ta Ɗan Tanin ta dawo ta mutum ɗaya.

A ƙarshe mai gari ya yarda a tambaye mu. Amma wace mace ce za ta tsaya gaban surukanta gindin gawo ta buɗe baki? Sai suka yi dabara, suka aiko maroƙi ya zaga da yamma yana shela: gobe da hantsi mai gari zai bi gida-gida. Wadda ke son rumbu ya zauna a rufe, ta kife turminta. Wadda ke son a fasa, ta tsayar da shi ta sa taɓarya a ciki.

Ka ji aikin maza. Ban ce da mugunta suka yi ba, ban ma ce da wayo ba. Kawai ba wanda a cikinsu ya taɓa duban turmi ya ga yadda yake. Turamen garin duk a kife suke tun tuni. Wadda ke kwance ba lafiya, da kurmar da ba ta ji shela ba, da wadda ta yi sammakon daji, da mai jin tsoron mijinta, duk sun riga sun amsa ba tare da sun motsa ba. Mai cewa a fasa ce kaɗai za ta fito ta yi aiki da hannunta, gari na kallo.

Da magariba na kai wa Malam abin da ya samu. Bai ce mini komai a kan shelar ba, don bai ga abin cewa ba. Ya riga ya yi magana a gaban gari, matarsa kuma ai bayansa take.

Da asuba, bayan ya fita masallaci, na shiga ɗakin Iya ɗaukar tulu. Yarinyar na kwance a gefenta, ido a buɗe, tana tsotsar bakin zanen Iya a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tsotsa.

Na ajiye tulun na fita ƙofar gida. Turmina na kirya ne, uwata ta sa aka sassaƙa mini shi cikin kayan aure, mai nauyi ne ko da mutum ya ƙoshi. Na san abin da nake shirin yi. Zan ƙaryata mijina a gaban garin da ya saurare shi. Zan kuma tsaya a bainar jama'a in ce ina son 'yar fari, abin da ko a ɗaki ban taɓa yi ba. Kunya ta kama ni. Na durƙusa, na sa kafaɗa, na tura. Sai da na huta a tsakiya kafin ya miƙe. Na share yanar da ke cikinsa da bakin zane, na ɗauko taɓarya na tsayar. Sannan na koma ɗaki na zauna ina fuskantar bango.

Na ji takun Malam yana dawowa, na ji inda ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Da ya shigo, a tsakar gida ya yi tambayar, ba da ƙarfi ba.

"Wa ya tayar da turmi?"

Kafin in nemo murya, Iya ta amsa daga ɗakinta. "Turmin gidanka ne. Wuce ka zauna."

Ya wuce ya zauna. Da ƙafa ɗaya zai iya ture shi kafin kowa ya gani, bai ture ba. Na riƙe masa wannan har ya koma ga Allah.

Da hantsi mai gari ya zaga da dattawa a bayansa. A duk garin turmina kaɗai ke tsaye. Har na Ladi a kife yake, duk da hayaniyar mijinta, don tun duhu ta tafi daji. Suka ɗan tsaya a ƙofarmu, wani ya yi tari, suka wuce. Kafin azahar maroƙi ya yi shela cewa mata sun yarda rumbu ya zauna a rufe. An ce Ɗan Tanin ya shiga gida bai fito ba sai washegari.

Na ji haushi, na ji kunya, kuma na ji tsoro, tsoron ya fi yawa. Na zubar da mutuncina a banza, yarinyar kuma tana nan yadda take. Ban je rijiya ba ranar. Na ce wa Iya bari in je in kife abin nan kafin a gama yi mana dariya.

Ta ce, "Bar shi."

Ta ɗauki yarinyar ta fita, ta shimfiɗa tabarma a inuwar zana kusa da turmin ta zauna. Ina ɗaki ina jin mata suna dawowa daga rijiya. Sai na ji wata ta tsaya. "Iya, ina gajiya? Ya zafi?" Iya ta amsa. Daga nan na ji wani ɗan sauti, yayyafin tsaba a kan itace. Na san sautin, amma na ɗauka yunwa ce ke yi mini wasa da kunne. Can wata ta zo, ta gaishe da Iya, sautin ya sake zuwa.

Na leƙa ta hudar zana. Kowace da ɗan ƙulli a bakin zanenta. Sai ta tsaya da tulu a ka, ta kwance da hannu ɗaya, ta zazzage a turmin tana tambayar Iya ciwon ƙafarta, ta wuce. Ba wadda ta dubi turmin, ba wadda ta dubi yarinyar. Ashe kowace tana da ɗan abin da ta ɓoye wa ranar da ta fi wannan muni: a cikin matashin kai, a cikin gora a rataye, a tukunyar da aka binne ƙarƙashin gado. Wata cikin tafi ɗaya, wata abin da bai fi a ƙirga da ido ba. Wata wake ta kawo. Wata tsohuwa da ke ƙarshen gari ta zo da sanda, ta zuba daga hatsin da ta ajiye don a yi mata sadaka ranar da ta mutu. Ladi ta zo da la'asar, ƙafarta duk ƙaya, ta zuba nata, ta leƙo ta kan zana ta ce mini, "Ke amarya, ashe ƙarfi gare ki. Ni da na ɗauka sai an kira maza."

Iya ta kira ni. "Ke, tashi ki daka wa yarinyata."

Abin bai rufe ƙasan turmin sosai ba, amma hatsi ne. Na fara dakawa a hankali don kada a ji. Iya ta ce, "Daka kamar mutum." Na daka. Makonni ke nan ba a ji taɓarya a garin ba, sai sautin ya tafi har gindin gawo, aka ce dattawa sun yi shiru suna saurare. Na tankaɗe, na jiƙa 'yar tsamiya, na dama. Ƙanshin kunun nan har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke, kuma ko ɗanɗanawa ban yi ba. Iya ta ɗora ta a cinya ta kai mata ludayi. Ta kurɓa, ta tsaya, sannan ta kama ludayin da hannu biyu ta ƙi saki. Ni ina gefe ina wanke ƙwaryar da na riga na wanke.

Haka aka yi ta yi har ruwa ya sauka. Ba kullum ake samu ba, wata rana dusa ce kawai, wata rana ba komai. Da ta ɗan farfaɗo, Iya ta riƙa raba kunun da wasu gidajen da ke da masu kwanciya irinta. Turmin dai bai sake kifuwa ba. Wata safiya na fito tun mata ba su fara zirga-zirga ba, na tarar da hatsi a ciki, ya fi na kullum yawa. A rairayin gefensa akwai sawun takalmin taya mai faci a dunduniyar hagu. Ni nake ajiye takalmin nan a bakin ƙofa kowane dare. Daga baya na ji cewa Malam ya yi kwanaki yana zuwa garin Bulama yana yi musu yaɓen katanga, ana biyansa da tiyar hatsi. Bai faɗa ba, ban tambaya ba.

Ruwan ya zo wata ranar Laraba da la'asar, bayan mun fid da rai da hadarin ranar. Iska ta fara kwashe jinkar ɗakuna, sama ta yi ja, sannan ta yi baƙi, sannan aka sake shi. Ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina. Muka jera tukwane da ƙore a bakin rumfa, yara suka fita tsirara, tsofaffi na ta hamdala. Kafin gari ya waye kwaɗi sun fito daga inda suka ɓuya suna ta surutu. Da hantsi sai ga Bulama a kan jakinsa, rigarsa jiƙe. Ya hau tsani, ya ɗora hannunsa mai guntun yatsa a kan sawun, hannun ya zauna daidai. Ya ce, "Madalla da mutanen garin nan." Ya karɓi gatari ya fasa da kansa.

Ranar kowa ya fita gona, har masu jan ƙafa. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da dunduniya. Hatsi a hannunka, yunwa a cikinka, kana zuba shi a rami. Na ga mata suna jefa ƙwaya biyu a baki in sun juya baya, ni ma na jefa. Wahala ba ta ƙare ranar ba, sai da muka yi noman fari da maimai da ƙarfin ganye, amma yanzu ganyen ɗanye ne, tafasa da rama da yaɗiya, awaki kuma suka fara kawo nono. Ranar da aka gasa tumun farko, yarinyar ta taka da ƙafarta daga wurin Iya zuwa bakin murhu tana miƙa hannu. Kakar shekarar nan ta yi kyau, har muka ara wa wani gari iri.

Malam ya yi gaskiya, da an fasa da ba mu shuka ba. Ni ma ban yi ƙarya ba. Mun zauna shekaru masu yawa bayan wannan, mun haifi wasu, mun aurar, ba mu taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Jiya Mushe ya sake ƙure rediyonsa. Depitocin nan ba su gama ba, wai an ɗaga zaman. Ya juyo yana zolayata. "To Inna, tunda kin san harkar, ke wane ɓangare kike? A tambayi jama'a ko a bar wa majalisa?"

Na ce, "A tambaye su. Amma kafin a yi shela, wani ya zaga ya ga yadda turame suke."

Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya girgiza kai ya ce tsufa ya fara taɓa Inna.

Turmin yana nan, na taho da shi Damagaram a bayan kamyo, babbar motar kaya, ana ta yi mini dariya. Ya tsage ta gefe, maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe. Ba mai daka a cikinsa, yanzu inji ake kai niƙa. Yana tsaye a bakin madafa, kuma duk gidan an san ba a kife shi, ko da yake ban taɓa faɗin dalili ba. Na ɗauka ba wanda ya sani, tunda Iya da Malam da Ladi duk sun tafi.

Da la'asar hadarin ya haɗu kamar kullum, amma wannan karon iskar ta zo da sanyi. Aka fara kwashe shanya da gaske. Mushe ya rungumi rediyonsa ya yi ɗaki. 'Yata ta fito daga ɗakin ajiya da tiyar hatsi za ta kai madafa, mace mai jiki, tana tafiya ƙasa na amsawa. Da ta zo daidai turmin sai ta tsaya. Ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a ciki, na ji sautin nan a kan itace. Ta ɗauki faifai ta rufe bakinsa, ta ɗora dutse don iska.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Inna, ya ƙafar taki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Na juya ina naɗe tabarmar da na riga na naɗe, ruwa ya fara sauka.